Na ƙara wa kat-kat ɗina tsawo, sai ta koyi gaisuwa

Land Cruiser 79 nake ja, mai buɗaɗɗen baya, mai injin 1HZ ɗin nan na gazuwal, lita 4.2. Kaya nake ɗauka daga Tawa zuwa kasuwannin Keita da Abalak, wani lokaci har Cintabaradan. Wanda ya bi hanyoyin nan da damina ya san yadda korama ke cin ƙasa ta bar maka gaɓa kamar katanga. Sau biyu gindin motar na dukan ƙasa wajen fita daga kwari, a na uku ƙarfen baya ya lanƙwashe. Ranar na rantse sai na ɗaga ta.

Na aika Yamai aka kawo mini dogayen rasor na gaba, wato ƙarafan da ke ɗauke da nauyin mota suna lotsawa, aka ƙara lam a baya, wato rasor na falle-fallen ƙarfe, mota ta tashi santimita 10. Ta yi kyau kam, 'yan tasha har zagaya ta suke yi. Abin da ban lissafa ba shi ne, tun 1999 Toyota ta daina sa lam a gaban wannan samfuri, ta koma rasor mai murɗi. Tsohuwar 75 lam ce gaba da baya, kuma lam da kanta take riƙe pon, wato ƙarfen da ke haɗa tayar hagu da ta dama, kada ya goce gefe. Rasor mai murɗi nauyi kawai yake ɗauka. Mai hana pon ɗin gaba zamewa hagu ko dama wani sandan ƙarfe ne guda ɗaya da ke kwance a gicciye, kansa ɗaya a jikin shasi ta gefen direba, ɗayan a jikin pon ta dama. Bar Panar makanikai ke ce masa, sunan kamfanin Panhard na Faransa ne ya bi shi.

Da shasi ya yi sama, sandan ya karkace, ya janyo pon zuwa hagu. Kana tsaye a gaba za ka ga tayar hagu ta leƙo waje, ta dama ta shige ciki. Na kai wa wani mai walda, ya ce ai wannan ba komai ba ne. Ya yanko ƙarfe mai kauri, ya tsawaita mariƙin sandan da ke jikin shasi zuwa ƙasa, sandan ya kwanta, pon ya dawo tsakiya. Na biya ina godiya.

Yaron motata ne ya fara gani, ina ƙoƙarin juyawa a ƙofar gida. Ya ce, "Maigida, motar nan fa gaisuwa take yi." Na ba shi bolan, wato sitiyari, na sauko. In ya murɗa dama, hancin motar ya ɗaga. In ya murɗa hagu, ya rusuna, jikin kuma yana ɗan zamewa gefe kafin tayoyi su ma fara motsi. Dariya muka yi.

Dariyar ta ƙare kusa da Tabalak, kan hanyar Agadas. Buhunan gero ne a baya, jarkoki a samansu. Na faɗa wani wuri da kwalta ta lotsa, gaban motar ya nutse ya taso, sai kawai ta fizgi kanta gefe alhali hannuna bai motsa ba. Na gyara, ta yi rangaji zuwa ɗaya gefen kamar raƙumi da kaya ya rinjaye shi. Da kyar na tsaya. Na daɗe zaune a kan dutse kafin ƙafata ta daina rawa.

Washegari na je wurin wani tsohon makaniki da ya shekara da shekaru yana gyaran motocin arewa. Bai taɓa ko ƙusa ɗaya ba. Ya sa yaro ya riƙa kaɗa bolan hagu da dama, injin na aiki, mu kuwa muka tsuguna a gaba.

"Ɗana, sanduna nawa kake gani a gicciye a gaban pon?"

"Biyu, Baba."

"Tare suke kwance?"

Ba tare suke ba. Na Panar ya kwanta, amma wanda ya fito daga akwatin bolan ya tafi ƙafar tayar dama yana nan a gangare yadda ɗagawa ta bar shi. Ya ɗauko zare biyu, ya ja kowane daga kan sanda zuwa ƙarshensa, don sandunan suna da lanƙwasa mai yaudarar ido. Zarurukan suka buɗe kamar almakashi.

Bayanin da ya yi mini shi ne nake so duk mai shirin ɗaga irin motar nan ya ji. Akwatin bolan a jikin shasi yake. In ya tura sandansa don juya taya, shi ma shasin ana tura shi baya da ƙarfi daidai wannan, kamar mai tura jaki da ƙafarsa ke zamewa. Bar Panar ne ke tare wannan turi. In sandunan biyu sun kwanta iri ɗaya, abin da wannan ya tura sama wancan ya ja ƙasa, sai su kashe juna. In sun saɓa, ragowar ƙarfin rasor yake hawa, shi ne gaisuwar. Haka a cikin rami: pon na bin hanyar da Panar ya shata masa, sandan bolan na bin tasa, bambancin kuma a taya yake fita, ta juya ba da izininka ba. Sai ka haɗa da nauyin da ya ƙara hawa santimita 10, ga kaya a bisa.

Ya kuma nuna mini wani siririn layi mai jan garin tsatsa a gindin waldar. Tsagewa ce ta fara. Tsawon da aka ƙara ya zame wa sandan mabanƙari, yana ɓalle mariƙin a hankali. Robobin kan sandan sun mutu, ramin ƙusa ɗaya ya zama kamar ƙwai.

Muka yanke ƙarin, aka ɗinke mariƙin yadda yake tun asali. Na nemo bar Panar mai zare, wanda ake ƙara wa tsawo, da shi muka maido pon tsakiya. Rasor na koma na santimita 5. Muka sa robobin hannuwan pon masu maido da jinginar ƙafar taya zuwa baya da ɗagawa ta cinye, don rashinta ne ke sa bolan ya ƙi komowa da kansa bayan kwana. Kuɗin ya fi na aikin farko, kuma abin haushi, ƙasan pon bai taɓa ƙara nisa da ƙasa ba tun farko. Girman taya ne kaɗai ke ba da wannan.

Har yanzu in mota na tsaye aka murɗa bolan har ƙarshe, kusurwar da aka juya wajenta tana ɗan tasowa. Na koma a guje na gaya wa tsohon. Ya ce wannan na jinginar ƙafa ne, ko sabuwa fil tana yi, in bar shi ya sha shayinsa.

Duk canjin mai yanzu sai na tsuguna yaro ya kaɗa mini bolan, ina duba mariƙin da gindin akwati ko jan gari ya fito. Guntun ƙarfen da muka yanke yana bayan kujera, da shi yaron ke tare taya in mun tsaya a gangaren Keita.