Abin da Ke Bayan Kwalin Hoto

Shekara bakwai ke nan da na fara tara hotunan hafsoshin soja na ƙarni na 19, kuma har yanzu duk baƙon da ya shigo ɗakina a nan Jos ya tarar da kundin a buɗe sai ya tambaye ni abin da ya haɗa ni da waɗannan Turawa masu murɗaɗɗen gashin baki. Nakan zaro hoto ɗaya in kifa masa shi a tafin hannu, domin a bayan kwalin labarin yake.

Yawancin abin da nake da shi ƙananan katuna ne, tsawonsu kimanin santimita 10, irin waɗanda mai ɗaukar hoto André Disdéri ya yi wa rajista a birnin Paris a 1854. Ana wanke hoton a kan siririyar takarda da aka shafe da farin ƙwai, sannan a manna ta a jikin kwali, kuma wannan ƙwan ne ke sa tsohon hoto ya yi ruwan ɗorawa. A bayan kwalin akan buga sunan mai hoton da adireshin shagonsa, wani lokaci kuma a tarar da rubutun hannun hafsan kansa, ya sa muƙaminsa da rundunarsa kafin ya ba uwarsa ko amininsa.

Hotunan Amurka sun fi sauƙin ganewa. A lokacin yaƙin basasarsu gwamnati ta ɗora haraji a kan hotuna daga Agustan 1864 zuwa Agustan 1866, saboda haka katin da aka liƙa wa kan sarkin haraji a bayansa ya riga ya faɗi shekarunsa da kansa. Gaban hoton kuwa yakan ruɗi mutum, musamman waɗanda aka ɗauka a kan farantin ƙarfe, domin suna juya dama zuwa hagu kamar madubi, sai ka ga hafsa ya rataye takobinsa a ɓangaren da ba nan ake rataye shi ba. Ni ma an taɓa cin kasuwata: wani dillali a intanet ya sayar mini da hoto mai kyan gani, da ya iso na sa gilashin ƙara girma sai na ga ɗige-ɗigen injin buga takarda na zamani, kwalin kuma fari fat babu ko tabo.

Dalilin da ya jawo ni cikin harkar tun farko yana nan gida. A 1863 John Hawley Glover, wani hafsan sojan ruwan Ingila, ya kafa wata ƙaramar runduna ta Hausawa a Legas, wadda sojojin Najeriya ke ɗauka a matsayin tushensu, kuma Hausawa sun yi yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874, a ƙasar Ghana ta yanzu, a ƙarƙashin hafsoshin Ingila. Su hafsoshin sukan koma gida su zauna gaban kyamara da lambobin yabo a ƙirji, kowa da katinsa da sunansa. Sojojin da suka ɗauki bindigar kuwa, idan an dace an gan su, a hoton taro ne, a jere a baya, an haɗe su da kalma ɗaya, "Houssas", kamar yadda Turawan lokacin ke rubutawa. Da wannan tsohon rubutun nake bincike a shafukan gwanjo, kuma wannan rashin sunan yana ci mini tuwo a ƙwarya fiye da tsadar katunan.

Adanawa a Jos sai da lura. Laimar damina tana kawo tabon ruɓa, bushewar hunturu kuma tana sa takardar ta nannaɗe ta tsage, don haka kowane kati yana cikin jakarsa, a akwati, nesa da taga da bangon da ke tsatsa ruwa. A ƙarshen kundin na bar shafi biyu babu komai, na ajiye su domin hoton sojan Glover da aka rubuta sunansa a baya.