Ƙarfin cinya ne ke hana tsoho zama a hannun mutane

Idan tsoho ya fara kasa tashi daga kujera sai an miƙa masa hannu, abin da zai biyo baya sananne ne. Ban ɗaki sai an raka shi, wanka sai an tsaya a kansa, masallacin ƙofar gida ya yi masa nisa. Mukan ce tsufa ne. Tsufa ne kam, amma ba shi kaɗai ba: kaso mai yawa na wannan rauni daga rashin amfani da tsoka yake, kuma wannan kason ana iya dawo da shi ko da mutum ya haura tamanin.

A gidajenmu ladabi ne ma ke rura abin. “Zauna, Baba, a kawo maka.” “Bari, Hajiya, kada ki wahala.” A kawo buta, a kawo abinci, a ɗauko takalmi, har mutum ya yini bai miƙe tsaye sau biyar ba. Niyya mai kyau ce, sai dai tsoka ba ta san niyya ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007 ya kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya a gado kwana 10 kacal, suka rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafunsu. Masu lafiya ke nan, balle wanda zazzaɓi ya kayar mako biyu.

Likitoci na da ma'aunin gane gajiyayyen tsoho, wanda Linda Fried da abokan aikinta suka fitar a 2001: ramewa ba da niyya ba, yawan jin gajiya, raunin damƙar hannu, tafiyar hawainiya, da ƙarancin motsi. Wanda ya tara uku cikin biyar ɗin nan ya shiga sahun gajiyayyu. Irinsa ne ake cewa a bar shi ya huta, alhali shi ya fi kowa cin ribar atisaye. A 1990 Maria Fiatarone ta sa wasu mazauna gidan kula da tsofaffi a Boston, masu shekara kusan 90, ɗaga nauyi da ƙafa na mako 8. Ƙarfin cinyarsu ya kusa ninkawa sau uku.

Tsarin da aka fi gwadawa a cikin gida shi ne na Otago, wanda John Campbell da Clare Robertson suka tsara a Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan. An gwada shi a kan mutum sama da 1,000 masu shekara 65 zuwa 97, ya rage faɗuwa da kashi 35 cikin ɗari, kuma waɗanda suka haura 80 ne suka fi amfana. Ya ƙunshi atisaye 5 na ƙarfafa ƙafa da 12 na daidaita tsayuwa, ana yi sau uku a mako, kimanin minti 30, sai tafiya aƙalla sau biyu a mako. A can likitan gashin ƙashi ko nas ke zuwa gida a mako na 1, na 2, na 4 da na 8, ya sake leƙowa bayan wata shida, yana ƙara wahalar aikin daidai da ci gaban mutum. Wannan ƙarin wahalar shi ne zuciyar shirin, kuma shi ake fara mantawa idan aka bar wa 'yan gida.

Kafin a fara

A fara da ganin likita idan akwai ciwon zuciya, hawan jinin da bai daidaita ba, shanyewar ɓarin jiki ta kwanan nan, karaya ko tiyata, ko faɗuwar da ba a san dalilinta ba. A tafi masa da duk magungunan da ake sha a leda ɗaya, domin maganin barci da wasu na hawan jini na kawo jiri a lokacin miƙewa. Idan akwai na'urar awon jini a gida, a auna tsohon yana kwance, a sake aunawa bayan ya yi minti ɗaya zuwa uku a tsaye. Lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, wannan magana ce ta likita, ba ta atisaye ba.

Sai awo biyu da za a rubuta a littafi. Na farko: kujera mai tsayin kusan santimita 43, a jingina ta da bango, ya harɗe hannuwa a ƙirji, a ƙirga sau nawa zai miƙe cak ya koma cikin daƙiƙa 30. Ga mai shekara 80 zuwa 84, ƙasa da 10 ga namiji ko ƙasa da 9 ga mace alama ce ta rauni. Wanda ba ya iya tashi sai da hannu, a rubuta sifili, ba abin kunya ba ne, daga nan ake farawa. Na biyu: ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna. Idan ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin haɗarin faɗuwa.

Tashi da zama

Da a ce atisaye ɗaya kawai za a zaɓa, wannan ne, domin shi ne ainihin aikin da ake son dawowa da shi. Kujerar katako mai nauyi ake so. Farar kujerar roba tana zamewa a kan siminti, ƙafarta kuma na iya buɗewa. Kushin ɗin falo ya yi laushi ya yi ƙasa.

Ya matso bakin kujera. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, a ja su baya har diddige ya shiga ƙarƙashin gwiwa. Ya sunkuyo gaba har hancinsa ya zo saitin yatsun ƙafa, sannan ya danna ƙasa ya miƙe yana fitar da numfashi. Wajen komawa, ya tura ƙugu baya ya sauka a hankali, ana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu kafin ya taɓa kujera. Matakan su ne: sau 5 da hannu biyu, sai sau 5 da hannu ɗaya, sai sau 10 da hannu ɗaya, sai sau 10 babu hannu, daga nan zagaye biyu na goma-goma da hutun minti ɗaya ko biyu a tsakani. Wanda ya kasa ko da hannu biyu, a ɗora masa matashi mai tauri don kujerar ta ƙara tsayi, a rage shi a hankali cikin makonni.

Kurakuran nan kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Mutum ya bar ƙafafunsa can gaba, nauyinsa ya tsaya a baya, sai ya yi ta lilo yana neman tashi. Ko ya ji tsoron sunkuyowa don kada ya kife, alhali in bai sunkuyo ba ba zai tashi ba. A nan mai taimako ya tsaya a gabansa ta gefe don hankalinsa ya kwanta. Ko ya faɗa kan kujera jagwab, ya zubar da rabin amfanin, tunda sauka a hankali na gina tsoka sosai, kuma ita ce ke hana mutum zubewa a ban ɗaki. Riƙe numfashi yana tayar da jini, shi ya sa ake so ya riƙa ƙirgawa da baki. Mafi muni shi ne mai taimako ya kama hannuwansa ya finciko. Hakan na iya ji wa kafaɗa ciwo, musamman ɓangaren da ya taɓa shanyewa, kuma cinyar ba ta yi komai ba. A tsaya ta ɓangarensa mai rauni, hannu ɗaya a bayan ƙugunsa, a bar shi ya yi aikin.

Nauyi a idon sawu

Atisaye uku na Otago da nauyi ake yin su. A zaune, ya miƙar da gwiwa har ƙafa ta miƙe, ya sauke a hankali. A tsaye riƙe da tebur, ya lanƙwasa gwiwa diddige ya nufi ɗuwawu. A tsaye kuma, ya ɗaga ƙafa gefe, yatsu na kallon gaba, jiki bai karkace ba. Kowace ƙafa sau 10, daƙiƙa biyu zuwa uku wajen ɗagawa, huɗu zuwa biyar wajen saukewa. Sauran biyun ba nauyi: ɗage diddige ya tsaya a kan yatsu, da ɗage yatsu ya tsaya a kan diddige. Na ƙarshen nan ana raina shi, amma tsokar gaban ƙwauri ce ke ɗaga yatsu a lokacin taku, kuma rauninta ne ke sa tuntuɓe da bakin tabarma da dokin ƙofa.

Ba sai an sayi kayan waje ba. A zuba busasshen yashi a doguwar safa, a auna kilo ɗaya a sikelin mai shago, a ƙulle, a ɗaura a idon sawu a kan wata safar don kada ya goge fata. Mai rauni sosai ya fara ba komai, sannan rabin kilo. Nauyin da ya dace shi ne wanda sau 8 zuwa 10 zai gajiyar da ƙafa. Da zarar zagaye biyu na goma-goma sun zo da sauƙi, a ƙara rabin kilo. Wanda ya yi wata huɗu da nauyi ɗaya bai ƙara ba, ya riga ya daina ƙaruwa. A bar kwana ɗaya tsakanin ranakun nauyi, misali Asabar, Litinin, Laraba.

Daidaita tsayuwa

Wurin da ya fi shi ne kusurwar ɗaki: bango a bayansa ta gefe biyu, kujera mai nauyi a gabansa. Ya haɗe ƙafafu daƙiƙa 10. Ya sa ƙafa ɗaya gaba kaɗan. Ya jera su, diddigen ɗaya na taɓa yatsun ɗaya. Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya. Riƙon ma mataki-mataki ne: hannu biyu, hannu ɗaya, ɗan yatsa, sannan hannu na shawagi kusa da kujera. Daga baya a shigo da tafiyar gefe taku 10 a jikin bango, tafiya da baya, da zagaye mai siffar lamba 8, saboda wajen juyawa ne tsofaffi da yawa ke faɗuwa. Idan jiki bai ɗan yi rawa ba, atisayen ya yi sauƙi da yawa. Idan kuma sai an taro shi, ya yi wuya. A yi da takalmi mai rufe diddige ko ƙafa tsirara a busasshen daɓe, ban da silifas, ban da safa a kan tayil.

Tafiya tana da kyau ga zuciya da numfashi, a fara da minti 5 zuwa 10 a tsakar gida. Amma ita kaɗai ba ta hana faɗuwa, don haka kada a ce tunda Baba na zagaya unguwa ya wadatar.

Ƙasa

Waɗanda suka tsara Otago sun yi shi ne don masu rayuwa a kan kujera da gado. Mu kuwa a ƙasa muke cin abinci, a ƙasa muke sallah, gidaje da yawa masai na tsuguno ne. Saboda haka tashi daga ƙasa darasi ne na kansa, kuma shi ke ceton wanda ya faɗi ba kowa a kusa. Hanyar ita ce: ya mirgina gefe, ya dafa ya koma kan gwiwa da tafin hannu, ya rarrafa zuwa kujera, ya dafa ta da hannu biyu, ya kawo ƙafarsa mai ƙarfi gaba tafinta a ƙasa, ya danna ya taso, ya juya ya zauna. Daga ƙarshe ake koyar da ita zuwa farko. Da fari yana tsaye ya dafa kujera ya kai gwiwa ɗaya kan matashi ya dawo. In ya ƙware, gwiwa biyu. Sannan rarrafe, sannan kwanciya. Wanda aka yi wa dashen ƙugu ko na gwiwa, ko mai tsananin ciwon gwiwa, kada ya gwada sai da izinin likitan gashin ƙashi. A ban ɗaki kuma a kafa ƙarfen riƙo a bango, a sama masa kujerar masai, a sa dakali ko kujera mai tsayi wajen alwala, domin ɗaga ƙafa ɗaya a jiƙaƙƙen wuri yana tsaye haɗari ne ko ga mai ƙarfi.

A Ostareliya, Lindy Clemson ta gwada wata dabara da aka buga sakamakonta a 2012: maimakon ware lokaci, a cusa atisayen cikin harkokin yini. Faɗuwa ta ragu da kashi 31 cikin ɗari. Wannan ya dace da mu ƙwarai, tunda yininmu a yanke yake gida biyar. Tashi da zama sau 5 kafin kowace alwala ya ba da 25 a yini. Ɗage diddige yayin jiran shayi. Buta kuma a ajiye ta inda sai ya taka ya ɗauko.

Tsoka ba ta ginuwa da koko zalla. Masana abincin tsofaffi na ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a yini, wato giram 60 zuwa 72 ga mai kilo 60, in ba shi da ciwon ƙoda. Ƙwai ɗaya na da kusan giram 6. Ga mai matsalar haƙori akwai alale, ƙosai, awara, kindirmo, kifi da dakakken nama, a rarraba su safe, rana da dare. Mai ciwon suga kada ya yi atisaye da yunwa bayan ya sha magani. Lokacin zafi a yi da sassafe ko bayan la'asar, da ruwa a kusa. Da azumi a mayar da shi bayan buɗa baki.

Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan farawa ba komai ba ne. Ciwo mai suka a cikin gaɓa, kumburi, ko ciwon da ya kwana ya yini bai lafa ba, yana nufin a rage nauyi ko zurfin lanƙwasawa. Ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, jiri ko duhun gani kuwa, a tsaya nan take a nemi likita. Bayan mako 8 a maimaita awon nan biyu a gwada da abin da ke littafi. Idan lambobin ba su motsa ba, a duba ko ana yin sau ukun da gaske, ko an ƙara nauyi, ko yana cin abinci. Idan kuma baya suke yi duk da ana ƙoƙari, a koma asibiti a duba ƙarancin jini, suga, zuciya da magungunan da yake sha. Duk sanda rashin lafiya ta kwantar da shi, a koma mataki ɗaya ko biyu baya, a soma daga ranar da ya iya zama a bakin gado.