Yadda muka sake daɓen tsakar gidanmu

Daɓen tsakar gidanmu ya kai matsayin da in aka yi shara, rabin abin da tsintsiya ke tarawa yashi ne. Saman ya zaizaye, tsakuwa ta fito, da damina kuma ruwa ya kwanta a wajen wanke-wanke. Niyyata a farfasa shi gaba ɗaya, amma birkilan da na kira ya ɗauki guduma yana bi yana ƙwanƙwasawa. Duk inda ya ji ƙara kamar ta ganga, sai ya kewaye da gawayi.

"Alhaji, nan kaɗai ne ya saki," in ji shi. "Sauran riga kawai za mu sa masa."

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne wanda ba ya burge kowa. Aka fasa wuraren da suka saki, aka sassare sauran da cizal don ya yi kaushi, tunda sabon siminti ba ya kama santsi. Inda janareto ke zama kuwa, baƙin mai ya shige ciki, dole aka yi ta sara har aka tarar da wuri mai tsabta. Daga nan aka wanke ƙurar tas, aka jiƙa wurin tun dare, domin busasshen daɓe tsotse ruwan sabon kwaɓi yake yi.

Da safe ya dama ruwan siminti mai kauri, yana shafawa da burushi, lebura na zuba kwaɓi a kai tun bai bushe ba. Buhu ɗaya mai kilo 50, kwanon sarki shida na yashi mai kaushi, ruwa kaɗan, yadda in ka dunƙula a hannu zai tsaya. Kaurin ya kai inci ɗaya da rabi, an ɗan karkata shi wajen rariya. Leburan ya so ya barbaɗa busasshen siminti a sama don sheƙi, birkilan ya hana: wannan ɓawon ne ke fara ɓarewa.

Da yake hunturu ne, iska na busar da siminti kafin ya yi ƙarfi. Sai muka shimfiɗa buhunan algarara, muna ba su ruwa safe da yamma. Kwana 7 ne mafi ƙaranci, cikakken ƙarfi kuwa sai wajen kwana 28, shi ya sa turmi da babur suka koma zaure, duk da mitar da uwargida ta yi.

Tsaga guda ta dawo, daidai kan tsohuwar tsagar da ke kusa da bishiyar darbejiya. Saiwarta ce ke ɗaga ƙasan.