Allurar da aka yi mini a cinya kafin aikin gwiwa

Wata huɗu ke nan da aka yi mini aikin gwiwar dama, kuma duk wanda ya zo dubiya tambayarsa ɗaya ce: ya zafin? Ranar farko dai ban ji wani zafi sosai ba, sai da dare ya raba.

Jijiyar da ta tsinke mini wajen ƙwallo ita ce ACL, wadda ke tsakiyar gwiwa tana hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. Ba ɗinke ta aka yi ba, wata aka yanko daga bayan cinyata aka dasa. Mu a Hausa komai jijiya ne, ta jini, ta ɗaure ƙashi, da mai kai saƙon ciwo ƙwaƙwalwa, don haka sai da likitan sa barci ya zana mini a takarda kafin na gane wadda zai kashe.

Ya ce hanya biyu ce. Ko a yi allurar a gindin cinya, a kashe babbar jijiyar femoral gaba ɗayanta. Zafi zai tafi, amma tsokar gaban cinya ma za ta mutu na ɗan lokaci, mutum ya miƙe ƙafa ta lanƙwashe ya faɗi. Ko a sauko tsakiyar cinya ta ciki, wani lungu tsakanin tsokoki da suke kira adductor canal, inda reshen da ke wucewa galibi na ji ne, ba na motsi ba. Na ce, "Likita, da kai ne wacce za ka zaɓa?" Ya ce, "Ta biyun, Malam, don gobe masu gashin ƙashi za su ce ka ɗaga ƙafa."

Na kalli abin da idona. Ya shafa man nan mai sanyi, ya ɗora na'urar sikanin irin ta duba masu ciki. A allon ga wani baƙin da'ira yana bugawa, ya ce jijiyar jini ce, wadda muke nema tana maƙale a gefenta. Allurar ta shigo kamar farin zare. Kafin kowane turawa sai mai taimaka masa ta ɗan ja sirinji baya, ta tabbatar babu jini. Ya ce in na ji ɗanɗanon ƙarfe a baki ko kunnena na ƙara, in yi magana nan take. Maganin ropivacaine ne, na ga yadda ya bazu ya kewaye jijiyar.

Kuskuren nawa ne. Nas ta kawo ƙwayoyin rage zafi da daddare, na ce ai lafiya lau nake, na ajiye su. Ta ce, "Sha yanzu, allurar nan bashi ce." Ban ji ba. Wajen ƙarfe uku na dare allurar ta sake ni gaba ɗaya, kamar an zuba garwashi a gwiwar, na yi ta danna ƙararrawa. Bayan gwiwa kuwa da ma yana ɗan ciwo tun da yamma, domin wata jijiyar ce daban ke kula da can, allurar ba ta kai gare ta.

Washegari na ɗaga ƙafar daga kan gado, da kyar, amma ta ɗagu. Har yanzu akwai wani wuri kamar faɗin tafin hannu ƙasa da gwiwar da ba na ji sosai in na taɓa. Na ɗauka allurar ce, likitan ya ce daga yankan da aka ciro jijiyar da aka dasa mini ne.