Asabar a Jidda: wankin tsakar gida bayan ƙura

Iskar da ta taso daren Alhamis ta lulluɓe mana tsakar gida da jar ƙura, ga kashin tattabaru ya bushe ƙamas a kan tayil ɗin bakin ƙofa. Jiya Juma'a ba wanda ya taɓa. Yau da hantsi ina warware tiyo sai ga ƙanena ya shigo ɗauke da injin feshin ruwa, ƙaramin nan na lantarki da ake wanke mota da shi.

"Yaya, ajiye tiyon nan. Wannan ya fi tsimin ruwa."

Hajiya, surukata, tana zaune a inuwa tana jan carbi. Da ya kunna ta ji ƙara, ta ga feshi yana tashi, sai ta ce, "Kai yaro, wannan ai kafin azahar ya shanye mana tanki." Ni ma haka na zata, don ido in ya ga ƙarfi sai ya ɗauka yawa ne.

Sai muka gwada da jarka mai lita 20. Tiyo ya cika ta cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi. Injin kuwa sai da ya haura minti uku. A jikinsa an rubuta lita 360 a awa, wato lita 6 a minti, da ƙarfin turi 110 a ma'aunin bar, alhali ruwan famfon gida bai cika wuce 3 ko 4 ba. Ashe ruwa kaɗan yake ja, ya matse shi ta ɗan siririn baki, turin ne ke ɓamɓare datti. Da tiyo kuwa sai dai ki yi ta kwarara ruwa kina jiran dattin ya jiƙa, kina bi da burushi, ruwan yana zuba ko kin sunkuya gyara zani.

Abin da ya fi burge ni shi ne kunamar da ke hannun. Kina saki, ruwa ya tsaya cak. A nan ne tsimin yake, kuma a nan ne ake ɓarar da shi. Na lura da ƙanena da aikin ya yi masa daɗi, ya gama tayil ya koma bango, ya koma ƙofar ƙarfe, har da tukwanen fulawa da ba su ce a wanke su ba. Na ce masa in ka yi awa guda kana feshi, lita 360 ka zubar, jarka 18 ke nan, ina ribar? Na karɓe, na sa yara suka fara share busasshiyar ƙurar da tsintsiya aka kwashe a leda. Ƙura in ta haɗu da ruwa taɓo take zama, sai a yi ta korarsa daga lungu zuwa lungu. Bayan shara, wurin kashin tattabarun kawai muka fesa, nan da nan ya fita fes.

Ba komai yake yi wa kyau ba. Inda ya matsa bakin kusa da ƙasa, ya ƙwaƙule simintin da ke tsakanin tayil, ya kuma ɗaye fenti a gindin bango. Na hana shi kusantar bayan na'urar sanyaya ɗaki, don siraran ƙarafan nan lanƙwashewa suke yi.

Wanda bai zauna a garin nan ba zai ce meye na lissafin jarka. Ƙasar nan ba ta da kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara. Yawancin ruwan da ke shigo mana tanki daga Bahar Maliya aka ɗebo shi, aka cire masa gishiri a matatu irin ta Shu'aiba da ke kudu da Jidda, wadda ke shayar da Makka da Ɗa'ifa ma. Makamashi mai yawa ake ƙonawa kafin ya zama abin sha. A 2019 gwamnati ta fito da shirin tsimin ruwa mai suna Ƙaɗra, lokacin ana lissafin mutum ɗaya yana amfani da lita 263 a rana, ana so a sauko da shi zuwa 150 nan da 2030. Ga tara in ruwan gidanka ya malala titi. In tanki ya ƙafe kafin a sako ruwa kuma, sai an kira wayit, wato motar tankar ruwa, an biya.

Hajiya ta ce mahaifinta ga-ruwa ne a garin nan, da garwa biyu rataye a sanda yake kai wa gidaje, kuma yana yawan ba su labarin yadda gari ya ɗauki murna da ruwan Ainul Aziziyya ya iso daga Wadi Fatima a 1947. Shi ya sa har yau ruwan ɗaurayar kaya ba ya zubewa a gidan nan, a bokiti take sa a tara. Da la'asar ƙanena ya nuna mata injin yana iya zuƙar ruwa daga bokiti in an sa masa tiyon tsotso mai matata. Ta ce to, mako mai zuwa da ruwan ɗauraya za a wanke matakala, darduma kuma a bar ta sai an kakkaɓe ta tukuna.