Wasiƙa daga Harbin: yadda Sinawa ke koyon karin maganar Turanci

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina nan lafiya, da fatan kuna lafiya. Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku ita ce: shin mutanen Sin na jin Turanci kuwa, kuma ta yaya suke koyonsa? Wasu na son jin batun abinci da takardun zama. Duk zan taɓa, amma bari in fara da wadda ta fi tsaya mini a rai.

A jarrabawar shiga jami'a da suke kira gaokao, wadda ake yi duk watan Yuni, harshen waje maki 150 gare shi, daidai da lissafi da Sinanci, kuma yawancin yara Turanci suke ɗauka. An shiga jami'ar ma ba a huta ba, jarrabawar Turanci ta CET-4 na jira. Shi ya sa a nan Harbin, inda sanyin Janairu kan kai digiri 20 ƙasa da sifili har ya wuce, tun da sassafe za ka tarar da ɗalibai a lungunan ɗakin karatu suna bita da ƙarfi kamar 'yan makarantar allo.

Abin da ya burge ni shi ne yadda suke yi da karin magana. Ba sa haddace ta Bature tsurarta. Kowace sai sun nemo mata 'yar'uwa a cikin nasu, sau da yawa irin gajerun nan masu harafi huɗu da ake kira chengyu, su rubuta su gefe da gefe. Inda Bature ya ce a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, su mikiya biyu ce da kibiya ɗaya, har da sunan maharbin, Zhangsun Sheng, wani jarumi na ƙarni na 6. Inda Bature ya ce an zuba wa alade lu'ulu'u, su sai su ce ana yi wa saniya kiɗa. Idan ana zancen mutum ya shigo, Bature shaiɗan yake ambata, su kuma Cao Cao, sarkin yaƙin da ya rasu a shekarar 220. Mu da muke cewa ɗan halak ya ƙi ambato mun fi su mutunta mai shigowa.

Wata kuwa tamu ta fi kusa da ta Sinawa fiye da ta Turawa. Bature dai ya ce wanda aka ciza sau ɗaya ninki biyu yake taka-tsantsan. Basine ya ce wanda maciji ya sara, shekara goma yana tsoron igiyar guga. Da na faɗa wa abokan karatuna cewa a wajenmu tsumma yake gani ya gudu, nan take suka gane, ba sai da na yi bayani ba.

Amma hanyar na da tarko. Turawa na cewa an rufe barga bayan doki ya tsere, wato ihu bayan hari. Sinawa na da mai kama da ita, gyaran garke bayan tunkiya ta ɓata, kuma na sha ganin an jera su wuri guda. Alhali ma'anarsu ta sha bamban. Ta Sinawan cewa take ba a makara ba. Wani bafade, Zhuang Xin, shi ya faɗa wa sarkin ƙasar Chu, a tsohuwar Sin, bayan dakarun ƙasar Qin sun ci babban birninsa a shekarar 278 kafin haihuwar Annabi Isa, yana ƙarfafa masa gwiwa ya gyara abin da ya rage. Ɗalibin da ya san wannan labari ba zai musanya su ba. Wanda ya haddace jerin kawai zai yi wa mutum ta'aziyya da baƙar magana.

Malamaina na Turanci a gida, Allah ya ƙara muku daraja, ku dubi wannan. Har yanzu akwai makarantun da ake cin yaro tara don ya yi Hausa a aji. A nan kuwa ban ga malamin da ke jin nauyin tsayawa ya yi bayanin Turanci da harshen yaran ba. Da za a ce wa yara kowa ya tambayo kakarsa karin maganar da ta dace da ta littafi, a zo aji a yi musu a kan ko sun dace, da sun riƙe duka biyun.

Batun takardu: in ba a otal ko ɗakin makaranta ka sauka ba, ka yi rajista wajen 'yan sanda cikin awa 24. Mai bizar karatu ta X1 kuma kwana 30 gare shi ya mayar da ita takardar zama, kada ya yi sakaci da wannan. Abinci kuwa, ku nemi shagon da ke da alamar qingzhen, halal ke nan. Irin waɗannan shaguna masu taliyar birnin Lanzhou na kusan kowace unguwa. Sauran sai a wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu. Ku gaida gida.