Wasiƙa daga Mishigan zuwa ga mutanen Bauchi da Gombe: maganar daji da maharba

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ƙannena na Bauchi da Gombe. Ina gaishe ku da kyau. Ya gida, ya iyali, ya sanyin hunturu? Allah ya sa an kai amfanin gona rumbu lafiya.

Daga jihar Mishigan ta ƙasar Amurka nake rubuto muku, a tsakiyar watan Nuwamba, lokacin da mutanen karkara a nan ba su da wata hira sai ta farauta. Kowace shekara ranar 15 ga wannan wata ake buɗe harbin barewa da bindiga, a rufe ranar 30. A wasu garuruwan arewacin jihar har makaranta ake rufewa ranar farko, don malamai da ɗalibai duk sun nufi daji. Likita da makaniki da ma'aikacin banki sukan ɗauki hutu, su sa riga da hula ruwan goro wanda doka ta wajabta domin kada wani ya hango su ya zaci dabba ce, su je su yi kwanaki a bukka ko a tanti cikin sanyin da ke daskarar da ruwa a gora. Kuma nama yana nan, har ya yi yawa, har barewa kan faɗo wa motoci a kan titi. Duk sanda na ga haka sai zuciyata ta koma gida, domin mu ma 'ya'yan maharba ne, amma dajinmu yana ƙarewa muna kallo.

Kada ku zaci Allah ne ya ba su yalwa suka tarar da ita a haka. Su ma sun taɓa cinye dajinsu ƙarƙaf. Akwai wata irin kurciya da a da take rufe rana in garkenta ya tashi. A shekarar 1878, kusa da garin Petoskey na wannan jihar, aka yi mata kisan da ba ta sake farfaɗowa ba: ana kamawa da raga, ana cika ganguna, ana lodawa a jirgin ƙasa zuwa kasuwannin birane. Ta ƙarshe a duniya ta mutu a gidan zu na Cincinnati a 1914. Barewarsu mai farar wutsiya ma saura kaɗan ta bi ta, don an ƙiyasta wajen 1900 waɗanda suka rage a duk ƙasar ba su wuce rabin miliyan ba. Yau ana maganar kimanin miliyan 30.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, maharban da kansu suna cikin waɗanda suka tsaya aka gyara. An hana cinikin naman daji, har gobe ba za ka harbi barewa ka kai kasuwa ka sayar ba, sai dai ka ci da iyalinka ko ka bayar. A 1937 aka yi dokar da ake kira Pittman-Robertson, wadda ta ware harajin da ake ɗorawa kan bindigogin farauta da harsasai, kashi 11 cikin 100 a yanzu, ana raba wa jihohi don kula da namun daji da mazauninsu. Sharaɗin da ke ciki shi ne ya fi burge ni: jihar da ke son wannan kuɗi dole ta yi doka cewa kuɗin lasisin farauta ba za a karkatar da shi zuwa wani aiki ba. Maharbi ya biya, kuɗinsa ya koma daji, kuma yana gani da idonsa.

Sauran ƙa'idojin ba masu wuyar fahimta ba ne. Kowace dabba da lokacinta, kuma ba a harbin barewa a watannin haihuwa da shayarwa. Lasisinka na zuwa da takardar da za ka ɗaura wa abin da ka kashe, in takardunka sun ƙare, farautarka ta bana ta ƙare. Harbi daga rabin sa'a kafin fitowar rana ne zuwa rabin sa'a bayan faɗuwarta, babu haska barewa da fitila cikin dare a harbe ta. Tun daga 2022 kuma sai ka shiga intanet ka sanar da hukuma abin da ka harba cikin sa'o'i 72, da haka suke gane ko garken yana ƙaruwa ko yana raguwa.

To, mu dawo gida. Ko garin Bauchi, kamar yadda tarihin baka ya zo, da shawarar wani maharbi mai suna Baushe Malam Yakubu ya zaɓi inda zai kafa shi. Sarautar Sarkin Baka tana nan a fadojinmu. Ni kuma ban ga wanda ya kai tsohon maharbinmu sanin daji ba a nan, duk da na'urorin da suke ratayawa. Mutumin da zai duƙa ya dubi sawu ya ce maka gwanki ne, namiji, jiya da la'asar ya wuce, kuma yana ɗingishi. Ya ɗebi ƙasa ya saki ya ga inda iska ta nufa kafin ya ɗaga ƙafa. Ya san wace kuka ce ke riƙe ruwa a kogonta, wace saiwa ake tona wa ciwon ciki, wane kukan tsuntsu ne ke nuna akwai maciji kusa. Tsofaffin da na tashi na gani ba sa harbin mai ciki, ba sa harbin mai shayarwa, kuma farautar gayya sai bayan an kawar da amfanin gona ake buga gangarta. Ba a rubuce dokar take ba, amma wanda ya karya ta yakan ji kunya a gaban 'yan'uwansa. Addini ma ya ja mana layi: ka ambaci sunan Allah in za ka saki kibiya ko kare, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a mai da abu mai rai abin gwajin harbi.

Yanzu fa? A cika mota da samari da karnuka, a sauka a dajin da ba a san kowa ba, a cinna wa ciyawa wuta saboda gafiya da zomo, wutar ta ci makiyaya ta ci bishiyoyi, wani lokaci har da amfanin wani bawan Allah da bai kwashe ba. A dawo da rauni, ba na ɓauna ba, na gorar ɗan'uwa, a kan wa ya riga taɓa gada. Da dare kuma mai fitilar goshi ya bi ya ƙarasa abin da ya tsira. Ga masu gawayi sun bi ƙirya da marke, ga masu katako sun bi madobiya. Ba na kiran wannan farauta, kuma na tabbata Baba Sarkin Baka na kowane gari ba zai kira shi haka ba.

Yankari ce ta rage mana abin nunawa, ita ma da ƙyar. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 2,244 a ƙaramar hukumar Alkaleri. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ta zama ta tarayya a 1991, ta dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Giwayenta suna cikin garke mafi girma da ya saura a Najeriya, kuma tun 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS take aiki da gwamnatin jiha wajen tsaronsu. Akwai masu gadin dajin da suka rasa rayukansu a hannun masu harbin sata, Allah ya jiƙansu. Duk da haka raƙumin dawa ya ƙare a Yankari. Waɗanda ake gani a gandun namun daji na Sumu da ke ƙaramar hukumar Ganjuwa daga Namibiya aka kawo su a 2006. Abin da kakanninmu suka sani a bayan gari, sai da aka yi masa doguwar tafiya daga kudancin Afirka kafin jikokinsu su gan shi.

Na san manomin da giwa ta shiga masa dawa a dare ɗaya ta gama da noman shekara ba zai ji daɗin wannan magana ba, kuma yana da gaskiya. Shi ya sa nake ganin gyaran ba zai yiwu ba sai ƙauyukan da ke kewaye da daji sun ga amfaninsa a aljihunsu. A ɗauki maharba aikin gadi da jagora da albashin da zai riƙe gida. A bar wani kaso na kuɗin shiga a garuruwan da ke maƙwabtaka. A dazuzzukan da ba a hana farauta ba, Sarkin Baka da mai gari su sa lokacin buɗewa da na rufewa, su rubuta sunan duk mai shiga, su hana wuta. Mun ga yadda ƙungiyoyin maharba suka tsaya wajen tsaron garuruwa a arewa maso gabas. Mutanen da aka amince musu da rayukan jama'a, ba a rasa amince musu da gwanki da mazo ba.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi shafar ƙannena samari da 'yan mata. A nan ba kowa ke shiga daji da bindiga ba. Da yawa jaka kawai suke goyawa, da tanti da bargo da ɗan abinci, su yi ta tafiya a ƙasa. Akwai wata hanya a bakin tafkin Superior, wurin da ake kira Pictured Rocks, mai tsawon kimanin kilomita 68 tsakanin Munising da Grand Marais. Sai ka yanki izini, a nuna maka inda za ka kwana, ka adana abincinka a akwatin ƙarfe ko ka rataye shi sama saboda wata ƙatuwar dabbar daji da ake kira beyar, ka tace ruwan da za ka sha, kuma duk ledar da ka shigo da ita ka fita da ita. Na bi wani sashe na hanyar, kuma abin da na samu ya wuce motsa jiki. Waya ta yi shiru, ka yi sallarka ta ƙasaru a kan yashi, ka gane ashe abin da mutum ke buƙata a yini bai fi abin da bayansa zai ɗauka ba. Wanda ya kwana a daji ya ji sanyin asubarsa, in ya ga ana sare shi sai ya ji zafi a ransa. Wanda bai taɓa shiga ba kuwa, ko an ce masa an ƙone shi duka, labari ne kawai.

Wani zai ce wannan aikin ƙoshi ne, mu da muke gudun wahala ina mu ina sayenta. Amma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Fulani makiyaya kowace shekara suke yin tafiyar da ta fi wannan, fatake sun yi ta da jakuna har Gwanja. Kuma ba sai da kayan Turawa masu tsada ba. Kilishi da ƙuli-ƙuli da dabino da garin kwaki sun fi abincin leda da suke saya a nan daɗewa da riƙe ciki. Gidan sauro da tabarma da tocila da buta sun isa kwanan rani.

Wuraren zuwa kuwa ba mu rasa ba. Mutumin Gombe yana da tsaunukan Tula da dutsen Kilang a Kaltungo, da dutsen Bima, da bakin ruwan Dadin Kowa. Mutumin Bauchi yana da duwatsun Mbula a Dass, da Zaranda, da zanen mutanen da a duwatsun Geji da Shira. A cikin Yankari, ban da ruwan Wikki da ɗuminsa ke tsaye a wajen digiri 31 dare da rana, akwai kogunan dutse na Marshall guda 59 da mutane suka sassaƙa da hannu, da rijiyoyin Dukkey 139, da tsofaffin matoyar ƙarfe. Yawancin masu zuwa wanka kawai suke yi su ɗauki hoto su juya. Ku nemi jagora ya kai ku waɗannan, musamman a ƙarshen rani lokacin da dabbobi ke taruwa a bakin kogin Gaji.

Ba zan ce ku rufe ido ku faɗa kowane daji ba. Akwai inda ɓarayin daji suka mai da mafaka, kuma ku da kuke gida kun fi ni sanin inda ake shiga yau da inda ba a shiga. Ku fara da gaida mai gari, ku tafi da ɗan gari, ku tafi a ƙungiya, a san inda kuka nufa da ranar dawowarku. A ƙasar Tangale da Waja kuma ku kiyayi kububuwa: takalmi mai rufe idon sawu, kada a sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, a kakkaɓe shimfiɗa kafin a kwanta. In tsautsayi ya faɗa, ban da tsaga, ban da tsotsa, ban da ɗaure wurin tamau. A garzaya asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo.

Ina da roƙo ga malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin matasa. Kafin damina ta sauka, ku nemi wani dattijon maharbi a garinku, ku kai masa goro, ku roƙe shi ya fita da yaranku ko da yini guda ne, ya nuna musu sawu da sunayen itatuwa. Ku sa wani yaro ya riƙe littafi yana rubutawa, wani ya ɗauki muryarsa a waya, da izininsa. In Allah ya kai mu ƙarshen rani ina da niyyar zuwa gida, kuma ina so in hau Mbula tare da duk wanda ya shirya.

Ku gaishe mini da iyayenmu maharba, ku ce ɗansu na Mishigan yana neman addu'a.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Amurka.